Ɗanladi ya koma Miftah, to 'ya'yansa fa?

Duk Bahaushen da ya shekara biyu a Sabha ya san wannan abu. Mutum ya zo daga Damagaram ko Kano da sunan Ɗanladi, kafin ka ankara ana kiransa Miftah. Ya sauya sutura, ya sauya magana, in ka gaishe shi da Hausa a kasuwa sai ya amsa da Larabci yana waige-waige.

Ni dai ba zan yi saurin ganin laifinsa ba, domin na san abin da ya koro shi. Tun 2011, da aka riƙa kama baƙaƙen fata ana cewa sojan hayar Gaddafi ne, zama baƙo a ƙasar nan ya zama abin ɓoyewa. A 2013 aka fito da lambar ɗan ƙasa, wadda in ba ka da ita ba fasfo, ba albashin gwamnati. Buzaye da Tubawa da yawa da aka haifa a unguwar Tayuri har yau ba su samu ba, ballantana mu. A 2017 hukumar IOM ta ba da rahoton ana cinikin baƙin haure a garin nan kamar dabbobi. A Afrilun 2025 kuma hukumar tsaron cikin gida a Tarabulus ta dakatar da ƙungiyoyin agaji goma, wai suna neman zaunar da 'yan Afirka a Libiya. Wanda ya ga duk wannan, in ya ɓoye harshensa a shingen bincike, dabara ce ya yi.

Sauyawa ma ai ba sabon abu ba ne a wannan hanya. Larabawan Gadamus da Tarabulus sun je Kano fatauci, suka zauna a Dandalin Turawa da Alfindiki, suka auri Hausawa, jikokinsu suka zama Kanawa. Amma ba su ɓoye inda suka fito ba, har gurasa da alkaki suka bar mana. Barth, Bajamushen nan da ya ratsa Murzuk a 1850, ya rubuta cewa baƙin rini na Kano yana kaiwa Murzuk da Gat har Tarabulus. Gaskiya ne, bayi ma an koro su ta wannan hanya, kuma wannan tabon yana cikin abin da ke sa wasu ke mana kallon raini. Sai dai Hausa ba baƙuwa ba ce a Fezzan, ta riga iyakokin nan zuwa.

Abin da ya dame ni shi ne dabarar titi ta bi mu har cikin ɗaki. Na shiga gidaje inda uba da uwa duk Hausawa ne, amma yaro ɗan shekara goma ba ya iya gaishe da kakarsa in ta kira a WhatsApp. Iyayen har alfahari suke yi, wai yaro ya zama ɗan Libiya. A wace takarda? Haihuwa a nan ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa. Ba shi da lambar Libiya, kuma ba a yi masa rajista a Nijar ko Nijeriya ba. Ranar da aka loda iyalin a mota aka sauke su a Dirku, kamar yadda ake yi wa 'yan Nijar, wannan yaro zai isa garin ubansa bai iya tambayar ruwan sha ba.

Ku koyi Larabci, jama'a, ku iya shi sosai, harshen Alƙur'ani ne kuma da shi muke neman abinci. Wanda yake son a kira shi Miftah a wurin aiki, ruwansa. Amma in an rufe ƙofa a yi wa yara Hausa, a gaya masu sunan garinsu da na kakanninsu. Iyaye 'yan Nijar su je ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke nan Sabha su nemi yadda za a yi wa yara takardar haihuwa. 'Yan Nijeriya, da nasu ofishin yake can Tarabulus, shugabannin al'umma su tattara sunayen yaran su kai gaba ɗaya.