Hoton Yaro da Lambar Asusu Ba Rubutu Ba Ne

Maƙalar wannan makon za ta ɗan yi ɗaci, domin da kanmu za mu fara.

Duk mai shiga Facebook ya san irin saƙon nan: hoton yaro kwance a gadon asibiti ana masa ƙarin ruwa, a ƙasa an rubuta "a taimaka saboda Allah", sai lambar asusun banki. Mu da muke kiran kanmu marubuta mu ne kan gaba wajen yaɗawa. Mu rubuta "Allah sarki", mu wuce. Bayan kwana uku babu mai tambaya ko yaron ya tashi, nawa aka tara, wa ya karɓa.

A littattafanmu abin ya fi muni. Yarinya ta kwanta ciwo, uwa tana kuka a ƙofar asibiti, sai ga wani matashin Alhaji ya sauko daga mota mai baƙin gilashi, ya biya komai, a fita da ita Indiya ko Masar, a babi na goma ya auri yayarta. Mun daɗe muna koya wa masu karatu cewa maganin ɗan talaka shi ne Allah ya haɗa shi da mai kuɗi. Wannan ƙarya ce, kuma tana kashe wa mutane zuciya, domin kowa sai ya naɗe hannu yana jiran Alhajin.

Ku zo Gaya da damina ku ga yadda abin yake. Uwa ce daga wani ƙauyen Ajingi, ɗanta ya kwana uku da zazzaɓin cizon sauro, tafin hannunsa ya yi fari fat saboda jini ya ƙare. A kan babur za a kawo su Babban Asibitin Gaya. In ciwon ya fi ƙarfin nan, sai a tura su Kano, a bi ta Wudil. Me take buƙata a wannan daren? Kuɗin mota. Mutum ɗaya mai lafiya wanda jininsa ya dace, ya yarda a ɗiba leda guda. Abincin da za ta ci a kwanakin jinya, don mai shayarwa ba ta zama da yunwa. Wanda zai kula da sauran yaran a gida, ga gona tana jiran maimai. A cikin waɗannan babu wanda yake buƙatar jirgin sama. Samari goma da suka san rukunin jininsu, da maƙwabtan da suka shirya tun kafin ciwo ya zo, sun isa. Wa ya taɓa sa wannan a labari?

Za a ce mana ai hoton ne yake sa mutane su bayar. Gaskiya ne, yana sa a bayar, amma sau ɗaya, ga yaro ɗaya, wanda ya yi sa'ar samun mai babbar waya. Na gadon kusa da shi fa? Sannan yaron nan zai girma, hotonsa babu riga yana nan yana yawo a intanet, ba a tambaye shi ba, uwarsa ma don tana cikin matsi ta yarda. Mun saya masa magani da suturarsa. Ga 'yan damfara sun gane hanyar, suna ɗauko tsohon hoto su canza lambar asusu, har ta kai mai gaskiya ma in ya roƙa sai a yi masa kallon mazambaci.

Wasu kuma za su ce marubuci ba ɗan jarida ba ne, ba ruwansa da maganar asibiti. To mu tuna Asibitin Yara na Hasiya Bayero da ke cikin birnin Kano, wanda aka sa wa sunan mahaifiyar marigayi Sarki Ado Bayero. An rufe shi, sai gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce an sayar da shi ne, ta karɓe shi, ta gyara, ta sake buɗe shi a watan Agustan shekarar. Ba siyasa muka zo yi ba, kowa ya riƙe jam'iyyarsa. Tambayarmu ita ce: a lokacin da ƙofar take rufe, mu nawa ne muka rubuta ko shafi ɗaya a kan inda iyaye mata suka koma da 'ya'yansu? Labaran kishiya kuwa ba su fasa fitowa ba ko mako guda.

Ga misalin abin da magana mai ɗorewa take iya yi. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, ba noman gona ba, wata cuta ce da take farawa daga dasashi ta cinye kumatu da leɓen yaron da yunwa ta raunana, kuma in ba a yi magani ba takan kashe har tara cikin goma. An kafa asibitin a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa masa a 2014. Mulikat Okanlawon, wadda cutar ta kama tana ƙarama aka yi mata aiki a can, ta dawo ta zama ma'aikaciyar asibitin, ta riƙa ba da labarinta da bakinta. Najeriya ce ta jagoranci kai buƙata gaban Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a watan Disamban 2023 hukumar ta saka noma a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Shekaru aka yi ana shaida, ana rubutu, ana nacewa. Kuma ku lura, masu ciwon ne suka yi magana da kansu, da mutuncinsu.

Saboda haka ga aikin wannan makon. Kowa ya je ɗakin yara na asibitin da ya fi kusa da shi, ya nemi izinin ma'aikata, ya zauna da uwa ɗaya in ta yarda. Ya tambaye ta daga ina ta zo, nawa ta kashe a hanya, me ta sayar, wa ya ba da jini. Kada a ɗauki hoto, kada a faɗi suna. A rubuto mana shafi biyu. Wanda yake da lafiya ya sa a auna rukunin jininsa kafin ya fito, in an buƙata ya bayar.

'Yan uwanmu na Gaya da Ajingi, ku kuma da ƙarin aiki. Da kaka ana fitar da zakkar gero da dawa a garuruwanku. Ku tambayi limamai da masu unguwanni yadda za a ware wa masu jinya talakawa kaso, tunda suna cikin waɗanda suka cancanta. In an kafa asusun kuɗin mota, ku zama masu rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a liƙa a ƙofar masallaci duk wata. Amana sai da lissafi, kuma rubuta lissafi ma rubutu ne. Ku kuma rubuta wa kansila da ɗan majalisarku takarda cikin ladabi, ku tambayi abin da aka ware wa lafiyar yara a bana. In ba a amsa ba, ku sake rubutawa.

Wanda yake ganin mun zafafa, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa. Amma ya fara zuwa ɗakin yaran tukuna, gani ya kori ji. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa alƙalumanmu su amfane su.