Shiga Kyauta Ne, To Wa Ke Biyan Kuɗin Taron?

Duk mahaifin da ya taɓa karɓe waya daga hannun ɗansa da tsakar dare, ya tarar da wani jarumi riƙe da takobi yana kai ruwa rana da dodo, ya san tambayar da ke zuwa baki: me ke cikin abin nan da ya hana ka barci? Amsar yaran kusan ɗaya ce: "Baba, ai gem ɗin kyauta ne." Maganar yaron gaskiya ce, amma rabinta ya faɗa. Mahaifin kuma da ya ce shirme ne kawai, shi ma bai duba da kyau ba.

Mu fara da abin da ke jan su. Ɗauki RuneScape, wasan da kamfanin Jagex na birnin Kambirij a Ingila ya fitar a 2001, wanda har yau ake bugawa. Sabon shiga yakan faɗo wani ƙauye mai suna Lumbridge da ɗan gatari da 'yar komar kamun kifi. Ya sare itace, ya hura wuta, ya gasa abin da ya kamo, rabi ya ƙone. Amma kowace sara ana rubuta masa ita. Lamba tana hawa a gefen allo, mataki yana ƙaruwa, gobe ya iya sare bishiyar da ta gagare shi yau. Kafin mutum ya kai mataki na 99 a sana'a guda sai ya tara maki sama da miliyan 13, kuma wanda ya kai na 92 rabin tafiyar kawai ya yi. Duk da haka mutane na zuwa ƙarshe, saboda sun tabbata ba wanda zai cinye musu guminsu.

Nan sirrin yake. Matashin da ya gama makaranta yana yawo da takardu, aka ce masa sai yana da wani a sama, ya samu wata duniya da ba a tambayar ɗan wane ne shi. Dokarta a fili take: yi kaza, ka samu kaza. Ga kuma jama'a. Ana haɗa runduna, wannan mai warkar da raunuka, wancan mai tare duka, ɗayan mai harbi daga nesa, kuma in ɗaya ya yi sakaci duk a sha ƙasa. Yaron da ba a neman shawararsa a gida sai ga shi wasu mutum biyar daga Brazil da Indonesiya suna jiran ya hau layi kafin a shiga kogon dodo. Wanda bai fahimci daɗin a buƙace ka ba, ba zai fahimci waɗannan wasanni ba.

Da can shiga irin wannan duniya sai mai hali. World of Warcraft, da ya fito a 2004, yana karɓar kusan dala 15 duk wata. Kamfanonin Koriya ta Kudu, musamman Nexon mai wasan MapleStory na 2003, su suka yaɗa wata dabara: a buɗe ƙofa ga kowa, a kafa kanti a ciki. Dabarar ta ci kasuwa, har wasannin Yamma irin su Lord of the Rings Online suka bi sahu a 2010. Da wayar hannu ta samu ƙarfi sai abin ya game duniya. Genshin Impact na kamfanin miHoYo da ke Shanghai ya fito a Satumban 2020, ba a biyan ko sisi a sauke shi, amma cikin wata shida ya tara sama da dala biliyan ɗaya a wayoyi kaɗai.

Daga ina kuɗin? Daga 'yan tsiraru masu kashewa ba ji ba gani, waɗanda 'yan kasuwar ke kira manyan kifaye. Shi kuwa mai buga kyauta, kada ya ɗauka sadaka aka yi masa. Mai liƙi a biki ba ya fito da bandir a filin da babu 'yan kallo. Dubban da ba su biya ba su ne taron da ke sa doki mai fukafukai da sulken zinariya su yi daraja a idon wanda ya saya. Ban ga aibu a wannan ciniki ba in an tsaya nan. Mai kuɗi ya sayi ado, marar kuɗi ya sha wasa, kamfani ya biya masu zane da masu kiɗa. Kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa.

Inda na ja daga shi ne inda aka daina sayar da kaya aka koma sayar da sa'a. A Genshin ba ka zuwa kanti ka ce a ba ka jaruma wance. Sai dai ka sayi "fata". Kowace fata tana cin duwatsun wasa 160, alhali ayyukan yau da kullum duwatsu 60 kawai suke bayarwa. Ka danna, sai tauraro ya keto gajimare. In ya yi shuɗi, tarkace ne. In ya yi ruwan zinariya, ihu. Damar samun jarumi mai tauraro biyar tana farawa ne daga kashi 0.6 cikin ɗari. An yi alkawarin ba za ka wuce dannawa 90 ba tare da ka samu ba, amma mai yiwuwa ba wanda kake nema ba ne, sai ka sake wani zagayen. Jarumin kuma makonni uku kawai zai yi a kasuwa. Yaron da ya kai dannawa 70 duwatsunsa suka ƙare, saura kwana biyu a rufe, ka gaya mini me zai hana shi laluben katin bankin mahaifiyarsa.

Ba ni kaɗai ke ganin kamannin caca a nan ba. Japan, inda aka ƙirƙiro salon, ta hana wani nau'insa tun 2012. Sin ta tilasta wa kamfanoni bayyana damar cin kowane kaya a 2017. Beljiyam ta ce a 2018 akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne a dokarta. A Janairun 2024 hukumar kula da cinikayya ta Koriya ta Kudu ta ci Nexon tarar won biliyan 11.6 saboda rage damar cin wasu kayan MapleStory a ɓoye. Bayan shekara guda kamfanin da ke tallar Genshin a waje ya amince ya biya dala miliyan 20 a Amurka, ya kuma daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 irin waɗannan akwatuna sai da izinin iyaye. Ƙasashen da suka fi mu sanin wasannin su suka fi mu tsoron wannan ɓangaren nasu.

Wasu za su ce a hana baki ɗaya, kamar yadda Sin ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa uku a mako a 2021. Wannan sai ƙasar da ke haɗa kowane asusu da katin shaida. A gidajenmu hani ba ya kashe wasa, sai dai ya kai shi wayar aboki, inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ya fi shi ne mahaifi ya zauna kusa da yaron ya ce, "Nuna mini kantin gem ɗin nan." In kaya ne da farashi a jikinsu, a yi maganar lokaci: salla, karatu, barci, sannan wasa. In kuwa akwati ne da ba a san abin da ke ciki ba sai an biya, a cire katin banki daga wayar, a kuma kira abin da sunan da addini da al'ada suka riga suka ba shi. Yaron da ya iya haƙurin tara maki miliyan 13 ba malalaci ba ne, wurin da haƙuri ke biya ya samu. Kamfanonin sun gane haka, sun mayar da shi riba. Saura mu, iyaye da makarantu da masu ɗaukar aiki, mu samar masa inda guminsa zai riƙa ƙirguwa a wajen waya.