Masu haɗa mana manhaja, ku fara zama a rumfa tukuna

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da dama a Tasawa da Mayahi yanzu suna da zauren WhatsApp, ga kuma samarinmu da suka karanta kwamfuta suna ta kawo tayi: za su haɗa mana ɗan fom na rubuta farashin hatsi da wake, ko na zubin asusu. Muna maraba. Amfanin salula ba sai an faɗa mana ba. Binciken Jenny Aker a kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006 ya nuna ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Amma fa riga sai an auna wuyan mai ita.

Babban abin da ke damunmu shi ne ƙidayar kuɗi. Mu da dala muke lissafi. Idan mai ƙuli-ƙuli ta ce ɗari, dala ɗari take nufi, watau sefa 500. Fom ɗin da bai tambaye ta dala ko sefa ba zai rubuta mata 100 alhali 500 ta zuba. To, ranar rabo wa zai biya cikon? Asusun Mata Masu Dubara, da aka soma a jihar Maraɗi a 1991, amana ce ta riƙe shi har yau, kuma kuskure guda irin wannan ya isa ya haɗa maƙwabta faɗa. A sa gurbi biyu, dala da sefa, na'ura ta juya da kanta, mai kuɗi ta gani kafin ta amince.

Haka awo: da tiya da buhu muke ciniki, kilo sai a ofis. Kuma a bar mana hanyar saƙon murya, don ba kowa ya yi boko ba. A gwada abin a ƙaramar waya, a kasuwar ƙauye inda rizo ke zuwa yana ɗaukewa, ya ajiye lissafi har ya dawo.

Sai maganar mabuɗi. Akwatin asusu kwaɗo uku ake sa masa, mabuɗan a hannun mata uku. Don me lambar sirrin manhaja za ta zauna wurin yaro guda? In ya tafi cirani Agadas ko Libiya fa? Tun ranar farko shugabar ƙungiya da ma'aji su riƙe ta, kuma kowane mako a kwafe lissafin cikin littafi.