Gwanjon da Babu Tayi, Ba Gwanjo Ba Ne

'Yan uwana ɗalibai, a 'yan kwanakin nan da wuya ka buɗe zauren WhatsApp na ajinku ba ka ci karo da tallan "gwanjon Kwastam" ba. Ga mota a kuɗin babur, ga kwamfuta a kuɗin ƙaramar waya, ga kuma hoton wani cikin kaki wai shi ne ogan da ke kula da harkar. Mu da ke zaune a Dutsen Abba da Tudun Wada muna zirga-zirga zuwa Nuhu Bamalli, tarkon nan daidai wuyanmu aka ɗana shi: kowa na son kwamfutar yin furojet, aljihu kuwa sai a hankali.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne akwai gaskiya a ƙarƙashinta. Hukumar Kwastam tana sayar da kayan da ta kama ta intanet. Ta fara a watan Yulin 2017 zamanin Kanar Hameed Ali, aka sake buɗe tsarin a Janairun 2024 ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi. Amma ga yadda yake tafiya: ka yi rajista a shafin hukumar da lambar harajinka ta TIN, ka zuba kuɗi ta banki, ka taya, wasu ma su taya, in lokaci ya cika wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Hukumar ta sha nanata cewa ba ta gwanjo a Facebook ko WhatsApp.

To a nan nake kafa hujjata. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya san ciniki: ana tayi, mai kaya na cewa albarka, kuɗi na hawa har a sallama. Gwanjo ma haka yake, gasa ce tsakanin masu saye. Wanda ya yanka maka farashi tun farko, ya ce ya ɓoye maka kayan kai kaɗai, ba gwanjo yake yi ba, farauta yake, kai ne kuma naman.

Bayan wannan, tambayi kanka abu uku. Ina kuɗin za su faɗa? In asusun wani mutum ne da sunansa, an gama magana, gwamnati ba ta karɓar kuɗinta a aljihun ma'aikaci. Yaya adireshin shafin ya ƙare? Na hukumomin gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa, kuma da hannunka za ka rubuta shi, kar ka latsa wanda aka turo maka. Sannan me ya kawo gaggawa? "Yau za a rufe" dabara ce ta hana ka shawara. Katin shaida da takarda mai hatimi kuwa kar su ruɗe ka, yaro ma zai haɗa su da waya. Da kuɗin fom ake farawa, sai na fito da kaya, sai na man direba, daga nan lamba ta daina shiga.

Wani zai ce, ai wane ya samu. Wa ya gani da idonsa? A Fabrairun 2024, da Kwastam ta sayar da shinkafa mai kilo 25 a kan naira 10,000 a Yaba ta Legas, turmutsitsi ya ci rayukan mutum bakwai. Ka ga arha ta gaskiya ba ta bin mutum har ɗaki tana roƙonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu turawa gaba. Iyayenmu da maƙwabtanmu kallon masana suke mana. In saƙo ya fito daga wayar ɗan foli, sai a ɗauka an tantance. Kai ka tura a banza, wani ya zuba kuɗin rajistarsa ko jarin mahaifiyarsa. Wallahi akwai alhaki.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kar kunya ta rufe masa baki. Ya garzaya bankinsa nan take, ya adana rasit da hirar da suka yi, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, sannan ya faɗa wa 'yan ajinsu. Shirunka shi ne jarin ɗan damfara, da shi zai kama na gaba.