Wata Takwas Da Wata Tara: Lokacin Da Mai Ciki Ta Fi Bukatar Awo

Yau filin namu zai tsaya ne a kan makonnin ƙarshe na ciki, watau daga wata na takwas har zuwa ranar da Allah zai sauki mace.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilu na 2025, inda ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Watau in aka tara dukan matan duniya da suka rasu ta wannan hanya a shekarar, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasar nan ne. Mu mutanen ƙasar Rano da Kibiya ba sai an karanta mana lissafi ba, gama da wuya a sami wadda ba ta taɓa zuwa gaisuwar wadda ta rasu a kan gwiwa ba.

Ba a ce hukuma ba ta motsa ba. Tun shekarar 2001 gwamnatin Jihar Kano ta fito da shirin kula da masu ciki kyauta a asibitocinta. A watan Nuwamba na 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar cewa za a riƙa yi wa matan da ba su da hali tiyatar haihuwa kyauta. Amma fa duk wannan alheri a cikin asibiti yake jira, ba ya bin mace har ɗakinta. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jihar Kano kusan mace ɗaya ce kawai cikin biyar take haihuwa a asibiti. Saboda haka abin da ke raba tsira da halaka sau da yawa a gida ake yanke shi, a cikin makonni takwas ɗin nan na ƙarshe.

Bari mu fara duba abin da ɗan cikin yake yi a wannan lokaci. Likitoci suna lissafin ciki da mako, su ce mako 40 daga ranar da mace ta fara ganin al'adarta ta ƙarshe. A wajen mako na 28 nauyin jariri kimanin kilo ɗaya ne. Daga nan sai ya shiga yin ƙiba, a makonnin ƙarshe yana ƙara wajen giram 200 kowane mako, har ya kai kilo uku ko ya ɗara. Kitsen nan da yake tarawa shi ne bargonsa bayan ya fito duniya. Huhunsa yana cikin abin da ke nuna daga baya, shi ya sa wanda aka haifa kafin mako 37, watau bakwaini, yakan sha wahalar numfashi. Ƙwaƙwalwarsa ma a mako na 35 ba ta wuce kashi biyu cikin uku na nauyin da za ta kai a mako na 40 ba. A wannan lokaci ne kuma yake jan sinadarin ƙarfe daga jinin uwa yana ajiyewa, yana kuma karɓar garkuwar cututtuka ta mabiyiya, har da ta allurar sarƙe-haƙora da aka yi wa uwar.

Akwai masu cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi. Wannan zance ba shi da tushe. Kowane mako da ɗa ya ƙara a ciki kafin lokacinsa ya cika, ƙarfi ya ƙara. Don haka kada ki yarda a ba ki wani jiƙo ko tsimi da sunan a hanzarta naƙuda.

Yawancin jarirai sukan juyo da kai ƙasa kafin mako na 36. Amma cikin ɗari akan sami uku ko huɗu da ke zaune da ɗuwawu har lokacin haihuwa, wani ma ya kwanta a gicciye. Ba za ki gane wannan da kanki ba. Hannun malamar asibiti ko na'urar hoton ciki ne ke ganowa, kuma in an gano da wuri sai a san inda ya kamata ki haihu.

To, ita uwa fa? Jininki ya ƙaru da kusan rabin yadda yake a da, zuciya tana aikin mutum biyu. Mahaifa ta tokare ƙirji, sai ki ji haki, da ƙwarnafi bayan cin abinci. Fitsari ya yawaita, baya ya riƙe, barci ya yi wuya, ƙafa ta ɗan tasa da yamma ta saɓe da safe. Wani lokaci ciki ya ɗaure tamau ya sake, ba tare da ciwon yana ƙaruwa ba, wannan naƙudar ƙarya ce. Nono yakan fara tsatso da dakashi. In haihuwa ta matso, musamman ga mai cikin fari, cikin yakan sauka ƙasa, numfashi ya yi sauƙi, fitsari ya ƙara yawa. Duk waɗannan ba abin tsoro ba ne. Ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki haɗa da wake, da zogale, da gyaɗa, da ƙwai ko kifi in da hali. In za ki kwanta ki kwanta a kan gefe, kada ki yi barci a rigingine.

Amma akwai alamomin da ba a kwana da su. Zubar jini kome ƙanƙantarsa. Ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi. Kumburin fuska da hannuwa. Jijjiga. Zazzaɓi mai zafi. Fashewar faya ba tare da naƙuda ta zo ba. Raguwar motsin ɗa. Game da motsi, kada wata ta ce miki wai ɗa yakan daina motsi in haihuwa ta kusa. Salon motsin ne ke sakewa saboda wuri ya yi masa kaɗan, amma ba ya dainawa. Jijjiga kuwa ba aikin iska ba ce. Hawan jinin ciki ne ya kai maƙura, kuma yakan fara ne shiru, mace tana harkokinta ba ta sani ba, sai an ɗaura mata abin awo a hannu an ga ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Akwai allurar da ake yi a asibiti don tsayar da ita. Turare da hayaƙi ba abin da za su yi sai cinye lokaci.

Wannan ne ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awo huɗu da ake yi a da bai isa ba, a mai da shi takwas. Ku lura da yadda aka raba shi: biyar daga cikin takwas ɗin suna ƙarshen ciki ne, watau mako na 30, da 34, da 36, da 38, da 40. A wajen awon ne za a duba hawan jini da fitsari da yawan jini, a ji bugun zuciyar ɗa da kwanciyarsa, a ba ki ƙwayar ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake sha wata-wata.

Ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da ya kamata awo ya yi yawa, a lokacin ne mu muke janye ƙafa. A ce yarinya tana aure a cikin garin Rano, tana zuwa awo babban asibiti. Ciki ya kai wata bakwai, sai a ɗauke ta goyon ciki zuwa gidan iyayenta a wani ƙauye ta wajen Tarai ko Durba ko Rurum. Katin awon an bar shi a ƙarƙashin katifa. Ga nauyin jiki, ga kuɗin babur, in damina ce ga hanya ta ɓaci, in kaka ce kowa yana gona. Ga kuma kunyar ɗan fari, kanta yana sarawa amma ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa mahaifiyarta ba. Goyon ciki al'ada ce mai kyau, don babu mai tattalin 'ya kamar uwarta. Abin da muke roƙo shi ne a tafi da katin, a kuma kai shi asibitin da ya fi kusa a cikin makon da aka isa.

Wata za ta ce, ai ni na haifi shida a ɗaki lafiya lau. Alhamdu lillahi. Amma ki sani mai haihuwa da yawa ta fi shiga haɗarin zubar jini bayan haihuwa, don mahaifarta ta gaji, kuma zubar jini ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa. A 2023 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. An ga cewa in aka shimfiɗa wa mace wata leda mai ma'auni don a san yawan jinin da ta zubar, aka kuma haɗa mata magunguna a lokaci ɗaya, mummunar zubar jini da abin da take jawowa suna raguwa da kashi 60 cikin ɗari. Ungozomar gida, duk iya ƙwarewarta, ba ta da wannan a ɗaki.

Don haka tun ciki yana wata takwas ki zauna da maigida ku yanke magana huɗu. Wane asibiti za a je. Wane direba za a kira in abin ya zo da tsakar dare. Nawa aka ajiye. Wa zai ba da jini in an bukata. Ki kuma nemi izininsa tun yanzu, a gaban surukarki ko mahaifiyarki, cewa ko ba ya gari a wuce da ke asibiti ba sai an jira shi ba. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba jarunta ba ce, ita ce ke jawo yoyon fitsari da mutuwar ɗa a ciki.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne masu karatu a gidaje da yawa. Ku duba katin yayarku ko na mamanku ku tuna mata ranar komawa, ku karanta wa Inna alamomin nan da muka lissafa. Hukuma ma da nata: a wadata ƙananan asibitocin ƙauyukanmu da ungozomomi masu kwana a wurin aiki, don kada mace ta sha hanya da dare ta iske ƙofa a rufe.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa.