Kafili: Mai Lamuni ko Ubangida?

A Birnin Kudu da Gwaram, idan aka ce wance ta sami igama a Saudiyya, sai a yi ta barka kamar ta gaji gida. Alhali izinin zama ne na wucin gadi, ragamarsa kuma tana hannun kafili. Ko ta shekara 20 tana aikatau, ba zai zama na dindindin ba. Gyaran dokokin ƙwadago na 2021 ma ya tsallake masu aikin gida. A Amurka kuwa, kamfanin da ya nema wa ma'aikaci katin zaman dindindin ba shi da ikon ƙwace shi. A ganina, mu manazarta mu daina fassara kafili da "mai lamuni" kawai, domin a bakin 'yan ci-raninmu ma'anarsa ubangida.