Maimaita darasi a jami'a: ga mari, ga tsinka jaka

Alkawari ɗaya ne ya sa talakan ɗalibi ya yi maraba da tsarin LMD, wato lisansi, masta da daktora. An ce masa daga yau darasi guda ba zai sake cinye masa shekara ba. Wanda ya faɗi a lissafi zai maimaita lissafin kaɗai, abin da ya riga ya ci kuwa ya zama nasa har abada. Tsarin ya samo asali ne daga yarjejeniyar Bolonya ta 1999, inda ƙasashen Turai 29 suka amince su daidaita takardun shaidarsu. A 2007 kuma ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta takwas, har da Nijar, su bi sahu. Lisansi zango shida ne, kowane zango kiredi 30, jimla 180. A kan takarda babu abin da ya kai wannan sauƙi. Sai dai alkawarin ya yi shiru a kan tambayoyi biyu, kuma a nan gizo ke saƙar: wane maki za a rubuta wa wanda ya maimaita, kuma yaushe zai samu damar maimaitawar?

Maganar maki magana ce ta ƙidaya, saboda haka gara a ƙidaya. A ɗauki ɗalibar da ta kammala zango mai kiredi 30. Darussan da suka kai kiredi 24 ta samu matsakaicin 12 bisa 20 a cikinsu, saura ɗaya mai kiredi 6 ta tashi da 6. Ta koma ta yi bita, ta sake zama jarrabawa, ta ci 16. In sabon maki ya maye gurbin tsoho, mwayan ɗinta na zangon ya zama 12.8. In aka haɗa tsoho da sabo aka raba biyu, 11.8. In kuwa aka ce wanda ya maimaita ba ya wuce 10 komai ƙoƙarinsa, 11.6. Ɗaliba ɗaya, takardar amsa ɗaya, ilimi ɗaya a ka, amma sakamako uku. Kuma iyakar 12 ta ratsa tsakaninsu, iyakar da ke raba darajar pasabul da ta ase biyan. Duk wanda ya taɓa ajiye takardunsa don neman gurbin masta ko bursin karatu a waje ya san cewa alƙalan zaɓe sukan fara duba wannan kalma tun kafin su duba sunan mai takardar.

Hanya ta uku, wadda ke tsayar da maki a 10, ita ce mafi muni, ita ce kuma ta fi samun masu kare ta a tsakanin malamai. Hujjarsu ba ta raini ba ce, ya kamata a faɗe ta yadda take. Suna cewa wanda ya ci jarrabawa tun zaman farko ya yi abin da na biyun bai yi ba. Na biyun ya samu ƙarin makonni, ya ga salon tambayoyin malami, in aka ba shi 16 an zalunci wanda ya samu 13 cikin lokaci. Suna ƙarawa da cewa in aka buɗe ƙofar, masu wayo za su riƙa ba da farar takarda da gangan a zagayen farko don su rage wa kansu nauyi, su dawo a zagaye na biyu, wanda ɗalibai ke kira ratarapaj, su kwashi maki. Jami'o'in Ingila da dama a kan haka suke: wanda ya sake jarrabawar digirin farko ba a rubuta masa sama da 40 bisa 100, wato iyakar tsallakewa.

Wannan hujja ta gauraya abu biyu da ba su haɗa hanya ba. Maki ma'auni ne na abin da mutum ya sani. Lokacin da ya ɗauka kafin ya sani wani labari ne dabam, kuma yana da wurin rubuta shi: takardar maki tana iya nuna cewa an ci darasin a zama na biyu, da kwanan wata, ba tare da an taɓa adadin ba. Mai son sanin wanda ya ci da fari sai ya karanta wannan layi. Amma rubuta 10 a kan takardar da ta cancanci 16 ƙarya ce da hatimin hukuma, ko da an sa mata sunan ladabtarwa. Awon hatsi a kasuwar Maraɗi ba ya raguwa don mai buhu ya iso da la'asar. Sannan tsarin yana koya wa ɗalibi lalaci da kansa: wanda ya san 10 ce rabonsa ko ya kwana karatu ko ya kwana barci, me zai sa ya nemi fiye da 10? An so a hukunta rago, an ɓuge da hana mai himma dalilin himma.

Abin ya fi ban takaici in aka dube shi gefe da gefe da wata ƙa'idar ta LMD, wadda ake kira kwampansasiyo, inda maki mai yawa ke cike giɓin maki kaɗan. A koma ga ɗalibar nan. Da makinta na 6 ɗin, mwayan ɗin zangon 10.8 ne. Inda ƙa'idar ke aiki ba tare da wani shinge ba, ta tsallake kenan, kiredi 30 sun shiga aljihunta, ba wanda zai sake tambayarta darasin da ta san kashi uku cikin goma nasa. A Faransa, inda aka aro tsarin, darasin da aka riga aka mallaka ba a sake shi, sai dai wasu jami'o'i suna barin ɗalibi ya rubuta takarda ya yafe wannan rangwame don ya sake zama jarrabawa. To a dubi yadda adalcin ya kife. Wanda bai iya ba, aka rufa masa asiri, ya wuce da takarda mai tsabta. Wanda ya koma ya koya har ya iya, shi ne mai tabo. In darasin ƙididdiga ne ga mai karatun noma, ko ilimin sinadarai ga mai shirin aikin asibiti, giɓin da aka rufe a zango na biyu yana jiran mai shi a zango na biyar, wani lokaci ma yana jiran manomi ko majinyacin da zai faɗa hannunsa.

Ba a cewa kowa ya maimaita yadda ya ga dama. Amurkawa, waɗanda suka fi kowa daɗewa da tsarin kiredi, sun gwada sassaucin sun kuma ga iyakarsa. A can ana auna maki daga 0 zuwa 4. Ɗalibin da ya ɗauki darussa biyar masu kiredi uku uku, ya samu 3 a huɗu ya samu sifiri a ɗaya, matsakaicinsa 2.4. Ya maimaita ya samu 4: in an share sifirin, 3.2, in an lissafa zaman biyu duka, 2.67. Jami'o'in jihar Kalifoniya masu suna CSU sun yarda a share tsohon maki har iyakar kiredi 16, bayan haka sai a riƙa haɗa tsoho da sabo har wasu 12, daga nan ƙofa ta rufe. Gwamnatin tarayyarsu kuma, tun 2011, sau ɗaya kawai take biyan tallafi ga wanda ya sake darasin da ya riga ya ci don neman ƙarin maki, kuma tallafin yana yankewa in karatu ya zarce ninki ɗaya da rabi na tsawonsa. Akwai ma tarkon da da yawa ba sa gani sai sun faɗa: hukumar AMCAS, mai tattara takardun masu neman makarantun likita, tana lissafa kowane zama, ko da jami'ar ɗalibin ta yafe na farko. Abin koyi a nan shi ne cewa duk waɗannan iyakoki a rubuce suke, ɗalibi yana iya zama da alƙalami ya auna riba da hasara kafin ya sa hannu.

Ƴaƴan Maraɗi, Tawa da Damagaram da ke tsallakawa Katsina, Sakkwato, Kano ko Zariya don karatu suna tarar da wata ƙa'idar. A jami'o'in Najeriya ana auna maki bisa 5, darasin da aka faɗi ana ɗauke shi zuwa shekara mai zuwa, abin da suke kira kariyoba, kuma a mafi yawansu sifirin farko yana nan cikin lissafin har ranar fita. Iyakar daraja ta ɗaya 4.50 ce, ta biyu babba 3.50. Sifiri biyu a shekarar farko, lokacin da yaro ke fama da sauya harshe daga Faransanci zuwa Ingilishi, suna iya bin sa shekara huɗu. Iyaye kaɗan ne ake gaya wa haka kafin su sayar da sa su biya kuɗin rajista.

Tambaya ta biyu, ta lokaci, ita ce ta fi ciwo a gida. Tsarin kiredi an gina shi ne a kan kalanda mai tsayawa: zango ya fara ranar da aka ce, ya ƙare ranar da aka ce, sakamako ya fito kafin rajistar na gaba. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta sha fama da hawan shekara kan shekara, sakamakon yajin aikin malamai, ƙauracewar ɗalibai da cunkoson da ya fi ƙarfin ɗakunan karatu. Buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, da wasu huɗu a 2014, ya rage wa Yamai kaya amma bai gyara agogo ba nan take. A irin wannan yanayi bashin darasi ɗaya ba ƙaramin bashi ba ne. Darasin zango na ɗaya sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Wanda ya faɗi a zagaye biyun duka sai ya jira shekara ta zagayo, ranar da ta zagayo kuma yana zango na uku, sa'o'in darussan biyu suna karo, wani lokaci jarrabawarsu ma rana ɗaya. Ya zaɓi tsohon bashi, ya ci sabo. Ya zaɓi sabon darasi, tsohon ya tare masa ƙofar shekara ta uku. Haka darasi mai kiredi 4 ke riƙe kiredi 176 a hannu, haka kuma alkawarin farko ke komawa inda aka fito: an gudu daga maimaita aji, an dawo gare shi ta ƙofar baya.

Shekarar da ta tafi kuwa ba a takardar maki ake biyan ta ba. Kuɗin haya ne, da na abinci, da bursin da ba ya jira har abada, da shekarun haihuwa da ke matsowa kusa da iyakar shiga gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Ga ƴa mace akwai ƙarin matsi, domin gida yakan fara lissafin aure da zarar lissafin makaranta ya ƙi fita. Ɗaliban yankin nan masu karatu da Faransanci suna da sunan da suke kiran wanda damarsa ta kusa ƙarewa, kartushar, mai harsashin ƙarshe. Ana faɗinsa cikin raha, amma mai sunan ba ya dariya. Mutumin da ya riga ya biya wannan farashi, a ce kuma za a yanke masa maki don ya ji a jikinsa, ai ga mari ne ga tsinka jaka.

Masu tsoron farar takarda da gangan suna da magani a hannunsu wanda bai taɓa ma'auni ba: a ƙayyade yawan kiredin da ɗalibi zai iya sakewa a tsawon lisansi, kamar yadda Kalifoniya ta yi, kuma wanda bai halarci zaman farko ba babu uzuri a ɗauke shi ya kashe dama ɗaya. Darussan da sana'a ta dogara a kansu a sa musu ƙasan da kwampansasiyo ba ta rufewa, sauran kuma a bar ɗalibin da ya tsallake da rangwame ya yafe shi in yana son komawa ya koya. Duk wannan majalisar kowace jami'a tana iya zartar da shi a zama ɗaya, ba ya buƙatar ko dala daga baitulmali.

Wanda ke buƙatar aiki shi ne na kalanda. Ratarapaj da aka yi kwana uku bayan fitar sakamako ba dama ta biyu ba ce, maimaita faɗuwa ce; a bar makonni tsakani, malami ya buɗe takardun amsa ɗalibi ya ga inda ya kauce. Darussan da aka san suna tara masu bashi a ware musu sa'ar da ba ta karo da ta ajin gaba. Ƙa'idar lissafin kuma, da misalinta na adadi, a buga ta a miƙa wa kowane sabon ɗalibi tare da katin rajistarsa, tun a makon farko, kafin ya zauna jarrabawa ko ɗaya.